YADDA JIRGIN ƘASA YA RABU DA HAYAƘI

A cikin watan Satumba na 2023 ne aka fara ɗaukar fasinja a sabon layin dogo na birnin Ikko, wanda ya tashi daga Marina zuwa unguwar Mile 2, tafiyar kilomita 13. Bayan 'yan makonni aka sakar wa layin wuta, jiragen suka shiga tafiya da ƙarfin lantarki, ba tankin mai, ba hayaƙi. Wannan shi ne karo na farko da mutanen Nijeriya suka hau jirgin ƙasa na lantarki a cikin ƙasarsu, watau shekara 144 cif bayan da aka fara nuna irinsa a Turai.

Dattawan da suka yi wayo a zamanin dalar gyada ba su manta da jirgin kwal ba. Fayaman yana tsaye da shebur yana ɗura wa injin kwal, jirgi yana tsayawa a tasha domin ya sha ruwa, wanda kuwa ya leƙa ta taga da farar riga sai ya sauka da ita ta yi baƙi ƙirin. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara kawo kawunan jirgi masu shan man gas, sannu a hankali suka ture na kwal. A nan Nijeriya ta tsaya. Waɗansu ƙasashe kuwa sun ƙara taki ɗaya, sun rataya waya a bisa dogo. Duk wanda ya bi tarihin abin zai ga cewa ba ƙawa ce ta kai su ba. Kusan kowace ƙasa sai da wata larura ta matsa mata tukuna.

YADDA ABIN KE AIKI

Da yawan mutane ba su san cewa kan jirgin da ke shan gas ma da lantarki yake tafiya ba. Injin da ke cikinsa ba shi ke juya ƙafafu ba. Aikinsa shi ne ya juya wani babban janareta, janaretan ya ba da wuta, wutar ta shiga waɗansu injuna da ke manne da ƙafafun, su kuma su juya su. Ashe ke nan kan jirgin gas gidan wuta ne sukutum da aka ɗora wa ƙafafu, yana yawo da mansa da nauyinsa duk inda za shi.

Jirgin lantarki kuwa ya bar gidan wutar a inda yake, sai a aiko masa da ƙarfin ta waya. Akan shimfiɗa wayar a sama, tsakanin turaku, a kan rufin jirgin kuma akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar hannu wanda ke gogar wayar yana jawo wuta. A waɗansu wurare, musamman cikin birane, akan shimfiɗa dogo na uku a gefen biyun da aka sani, shi ke ɗauke da wutar. Irin wannan aka yi a Ikko, shi ya sa aka kewaye layin da shinge aka kuma yi ta gargaɗin jama'a kada su tsallaka.

Wani Bajamushe mai suna Werner von Siemens shi ya fara nuna wa duniya cewa abin zai yiwu. A 1879, a wajen wani bikin nunin sana'o'i a birnin Balin, ya shimfiɗa ɗan dogo mai kewaye wanda tsawonsa bai wuce mita 300 ba, ya ɗora wani ɗan injin da direba ke hawa kansa kamar jaki, yana jan tarago uku marasa rufi. Cikin wata huɗu fiye da mutum 80,000 suka hau. Yawancinsu abin wasa suka ɗauke shi. Amma bayan shekara biyu kamfaninsa ya buɗe ɗan layi na sosai a Lichterfelde, gefen Balin, a 1883 kuma aka buɗe wani a bakin teku a garin Brighton na Ingila, wanda har yau yana ɗaukar masu yawon shaƙatawa.

HAYAƘIN DA YA CI RAYUKA

Abin da ya fid da jirgin lantarki daga sahun kayan wasa shi ne hayaƙi. A fili hayaƙin kwal ƙazanta ne kawai, iska ta kwashe shi. Amma inda aka haƙa wa jirgi hanya a ƙarƙashin gari, ko aka huda masa dutse, to hayaƙin ba shi da wurin zuwa. Birnin Landan ya buɗe layinsa na ƙarƙashin ƙasa a 1863 da injunan kwal, fasinjoji suka yi shekaru suna tari suna share hawaye. Da aka zo haƙa wani layi mai zurfi sosai, wanda aka buɗe a 1890, sai aka ga babu yadda injin kwal zai yi aiki a can, dole aka sa lantarki. Haka nan a birnin Baltimore na Amurka, a 1895, aka sa kawunan lantarki su riƙa jan manyan jirage suna fid da su daga ramin da ya ratsa ƙarƙashin garin.

Birnin Niyok kuwa sai da aka yi asarar rayuka. Da safiyar 8 ga Janairu 1902, wani jirgin fasinja yana tsaye cikin ramin da ke ƙarƙashin titin Park Avenue yana jiran a ba shi hanya. Hayaƙi da tururi sun cika ramin har direban jirgin da ke biye bai ga fitilun tsayawa ba, ya zo ya haye shi ta baya. Mutum 15 suka mutu nan take. Jama'ar gari suka fusata, jaridu suka yi ca, a 1903 majalisar jihar ta kafa doka cewa daga tsakiyar 1908 ba sauran injin kwal da zai shiga tsakiyar birnin. Kamfanin jirgin bai so ba, gama kuɗin ba kaɗan ba ne. Sai dai wani injiniyansa, William Wilgus, ya hango abin da sauran ba su hango ba: tun da jirgin lantarki ba ya bukatar sarari a samansa, ana iya binne layukan duka a rufe su, a gina benaye a kai. Haka aka yi. Filin da a dā hayaƙi ya hana kowa zama kusa da shi ya zama ɗaya daga cikin wurare mafi tsada a birnin, a nan ne kuma aka buɗe babbar tashar Grand Central a 1913.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a kudancin Italiya cikin Yaƙin Duniya na Biyu. A daren 2 ga Maris 1944, ɗaruruwan mutane, yawancinsu talakawa masu zuwa ƙauye neman abinci, suka ɗare wani jirgin kaya mai kawuna biyu na kwal. Kwal ɗin marar kyau ne, irin na lokacin yaƙi, kaya kuma sun yi nauyi. Da jirgin ya shiga wani dogon rami mai hawa kusa da garin Balvano, sai ƙafafunsa suka riƙa zamewa, ya tsaya cik a ciki, injunan suna ta fid da iska mai guba. Fiye da mutum 500 suka mutu, da yawansu cikin barci. Jirgin bai yi karo ba, bai kauce daga dogo ba.

ƘASAR DA BA TA DA KWAL

Larurar ƙasar Suwizalan daban ce. Ƙasa ce ta duwatsu, ba ta da kwal sai abin da ba a rasa ba, wanda jiragenta ke ƙonawa daga Jamus ake sayo yawancinsa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, kwal ya yi wuya, ya yi tsada, aka yi ta rage yawan jirage. Ƙasar ba ta shiga yaƙin ba, amma ta gane cewa maƙwabci na iya tsayar mata da sufuri ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba.

Abin da take da shi a yalwace shi ne ruwa mai gangarowa daga kan duwatsu. Sai hukumar jiragenta ta gina madatsun ruwa nata na kanta, ta shiga rataya waya. A 1920 jiragen lantarki suka fara ratsa ramin Gotthard mai tsawon kilomita 15. Kan jirgin da aka ƙera domin jan kaya a wannan hawa dogo ne, mai dogon hanci gaba da baya, har mutane suka yi masa laƙabi da Kada. Kafin yaƙi na biyu ya zo, mafi yawan manyan layukan ƙasar sun sami waya, sabo da haka wannan karon jiragenta ba su tsaya ba. Yau kusan babu wani layin fasinja a Suwizalan da ba na lantarki ba, a 2016 kuma ta buɗe sabon ramin Gotthard mai kilomita 57, wanda ba mai tunanin shigar da injin hayaƙi cikinsa.

Da farko tsadar aikin ta hana shi yaɗuwa. Irin wutar da aka fi amfani da ita a wancan zamani tana bukatar waya mai kauri da gidajen rarraba wuta kusa da kusa. Injiniyoyin Faransa, a farkon shekarun 1950, su ne suka tabbatar cewa ana iya ɗaukar wuta kai tsaye daga babban layin ƙasa, a sauke ta zuwa ma'aunin bolt 25,000, a sa wa jirgi. (Domin kwatance, wutar da ke shiga gidaje a Nijeriya ba ta wuce bolt 240 ba.) Da wannan dabara waya ta ƙara siranta, gidajen rarraba wuta suka yi nisa da juna, kuɗi ya ragu. Ita Indiya ta ɗauka a 1957, ita ce kuma yawancin sababbin layukan duniya ke bi.

Daga nan sai gudu. A 1964 Japan ta buɗe layin Tokyo zuwa Osaka, kilomita 515, jirage suna zuba kilomita 210 a sa'a. Faransa ta biyo baya a 1981 da layin Faris zuwa Lyon. Abin lura a nan shi ne jirgin gwaji na farko da Faransawa suka ƙera mai yake sha, da injin irin na jirgin sama. Tashin farashin man fetur na 1973 shi ya sa suka sake shawara suka koma ga waya.

Wannan tashin farashi ya kama wani kamfani a Amurka yana tsakar aikata akasin haka. Kamfanin Milwaukee Road ya rataya waya a wajen kilomita 1,000 na layinsa da ke ƙetare duwatsun yammacin ƙasar tun daga 1915. Da kayan suka tsufa, maimakon a sabunta su, sai a farkon 1973 shugabanninsa suka yanke shawarar a kwance wayar a sayar da jan ƙarfen, a sayo kawunan gas. Kafin shekara ta zagayo, kuɗin ɗanyen mai ya ninka wajen sau huɗu. Jirgin lantarkinsu na ƙarshe ya yi tafiya a 1974, kamfanin ya karye a 1977. Ba kwance waya kaɗai ya kashe shi ba, amma samun shawarar da aka yanke a mugun lokaci kamar wannan sai an tona.

INA RIBAR TAKE?

Injin kwal mai ɓarna ne ƙwarai: cikin ƙarfin da ke cikin kwal ɗin da ya ƙone, abin da ke kaiwa ga ƙafafu bai cika kashi 10 daga cikin 100 ba, sauran ya bi iska. Injin gas yakan ci moriyar wajen sulusi. Kan jirgin lantarki kuwa yakan mai da wajen kashi 90 na wutar da ya jawo zuwa tafiya. Gaskiya ne idan gidan wutar da ke ba shi ƙarfi kwal yake ƙonawa, to ba a kashe hayaƙin ba, wuri aka sake masa. Amma jirgin bai damu da inda wutar ta fito ba. Ko daga ruwa, ko iskar gas, ko hasken rana, duk ɗaya ne a wurinsa, alhali kuwa kan gas ba ya shan kome sai man gas.

Daɗin daɗawa, tun da ba ya ɗauke da injin mai da tanki, ya fi ƙarfi idan aka gwada da nauyinsa. Yana tashi da sauri, yana hawa tudu ba tare da ya yi sanyi ba, sabo da haka ana iya jera jirage da yawa a kan dogo ɗaya a yini. Sassan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, ba juyen baƙin mai, ba wankin tukunya, kuɗin gyara bai kai na gas ba.

Akwai kuma wata fa'ida mai ban sha'awa. Idan jirgin lantarki zai tsaya, ko yana gangara, injunan ƙafafunsa sukan rikiɗe su zama janareta. Maimakon birki ya yi zafi ya cinye, sai nauyin jirgin ya haifi wuta, a mai da ita cikin waya, wani jirgin ya sha. A can arewacin Suwidin akwai layin da ke kwasar tamar ƙarfe daga garin Kiruna zuwa tashar jiragen ruwa ta Narvik a Norwe, an fara sa masa waya tun 1915. Jirgi ɗaya yakan ja tarago 68, nauyinsa ya haura tan 8,000. Daga kan iyaka zuwa bakin teku gangara ce, wutar da jirgin ke mayarwa a wannan gangara takan kai ta hawo da jirgin da aka sauke wa kaya zuwa kan tudun. A kan gas wannan ƙarfi duka zafi yake zama ya watse.

To, amma fa ba a banza ake samun duk wannan ba. Sai an kafa turaku dubbai, an ja waya, an gina gidajen rarraba wuta, an ɗaga gadojin da suka yi ƙasa, an sake na'urorin ba da hanya. Kuɗin kuwa a gaba ake biyansa, ribar tana zuwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Ingila ma, uwar jirgin ƙasa, ta ji jiki: aikin sa wa layin yammacinta waya ya tashi zuwa wajen fam biliyan 2.8, kusan ninki uku na abin da aka ƙiyasta, har a 2017 aka soke wani ɓangarensa. Lissafin a taƙaice shi ne, kowane jirgi da ya wuce ƙarƙashin waya yana rage wani abu daga bashin. Layin da jirgi 100 ke bi a yini zai biya da wuri. Wanda jirgi biyu ke bi ba zai taɓa biya ba. Shi ya sa Amurka, mai dogayen layuka da mai a gida, ba ta sa waya ko a kashi 1 daga cikin 100 na layukanta ba, Indiya kuwa, mai cunkoson fasinja wadda ke sayo yawancin manta daga waje, ta fara a Bombay a 1925, zuwa 2024 ta haura kashi 90 na manyan layukanta.

A AFIRKA

Afirka ba baƙuwa ba ce ga wannan al'amari. Afirka ta Kudu ta fara a tsakiyar shekarun 1920 a kan tuddan lardin Natal, inda jiragen kwal suka kasa ɗaukar yawan kayan da ke gangarawa Durban. Layinta na tama daga Sishen zuwa Saldanha, kilomita 861, yakan kwashi wajen tan miliyan 50 a shekara. Maroko ta buɗe jirgi mai gudun kilomita 320 a sa'a a 2018, Sanagal ta buɗe na birnin Dakar a ƙarshen 2021, Tanzaniya kuma ta haɗa Darussalam da Dodoma a 2024. Alhazai da masu zuwa Umra da yawa sun riga sun ɗanɗana abin a Saudiyya, gama jirgin da ke tsakanin Makka da Madina tun 2018 na lantarki ne, yana cinye kilomita 450 cikin kamar sa'a biyu da rabi.

Labarin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na Zimbabuwe. A 1983, shekara uku bayan samun mulkin kai, ta buɗe layin lantarki na wajen kilomita 300 daga Harare zuwa kusa da Gweru, da kayan aiki na zamani da sababbin kawuna. Abin ya yi aiki sosai shekara da shekaru. Da tattalin arzikin ƙasar ya taɓarɓare, kaya suka ragu a dogo, wuta ta fara yankewa, ɓarayin jan ƙarfe kuma suka gane cewa wayar da ba wuta a cikinta ba ta cizo. Wajen 2008 an kwashe wayar da yawa har dole aka ajiye kawunan lantarkin, aka koma ga gas. Turakun suna nan tsirara a gefen dogo. Layin Habasha zuwa Jibuti ma, mai wajen kilomita 750, wanda ya fara aikin kasuwanci a 2018, ya sha fama da ɗaukewar wuta a shekarunsa na farko. Kan gas idan ya lalace shi kaɗai ke tsayawa. Waya kuwa idan ta mutu, duk jiragen da ke ƙarƙashinta tare suke tsayawa.

A NAN GIDA

Jirgi ya isa Kano a 1911, kwal ɗin Inugu kuma shi ya riƙe injunan ƙasar nan shekaru da yawa. A 1964, shekarar da dogo ya kai Maiduguri, Hukumar Jiragen Ƙasa ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan abin ya yi ta ja da baya, manyan motoci suka gaje lodin. Sababbin layukan da aka gina, na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, da na Ikko zuwa Badun a 2021, duka da kawunan gas suke aiki.

Akwai masu ganin wannan kuskure ne, suna cewa me zai sa a gina sabon abu da tsohon salo. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, musamman ga wanda ya san yadda kuɗin man gas ya hau. Sai dai sharuɗɗa biyun nan da suka sa abin ya ci a wasu ƙasashe, watau yawan jirage da tsayayyiyar wuta, har yanzu ba su cika a nan ba. Jiragen da ke bin layin Kaduna a yini ana iya ƙirga su da yatsu. Wutar da babban layin ƙasa ke rarraba wa mutum fiye da miliyan 200 ba kasafai take wuce megawat 5,000 ba, ya kuma sha durƙushewa baki ɗaya. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata manyan layukan wuta. Da a ce jirgin Kano da wannan wuta ya dogara, da shi ma a tasha zai yi kwanakin. Masu layin Ikko sun san haka, shi ya sa suka tanadar masa wutarsa ta kansa, kada ya jingina da layin ƙasa kaɗai.

Wannan dabara ta Ikko ita ce ta Suwizalan shekara 100 da suka wuce, kuma doka ta buɗe mata ƙofa. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon gina layin dogo da kuma samar da wuta da rarraba ta. Inda lissafin zai fi saurin fita shi ne cikin birane masu cunkoso kamar Ikko da Kano, inda jirgi ke tashi yana tsayawa kowane kilomita biyu, sai kuma babbar hanyar Ikko zuwa Kano, idan an kammala sabon dogon aka dawo da lodin tireloli da tankokin mai kansa.

A wannan hanya kuwa ruwan ba shi da nisa. Tsohon dogon da ya taso daga Ikko yana ƙetare Kwara a Jabba, kusa da madatsar da aka buɗe a 1985, Kainji mai megawat 760 tana sama da ita a kogi ɗaya. Daga nan ya bi ta Zungeru, inda aka gama sabuwar madatsa mai megawat 700, ya shiga Minna, Shiroro tana gefe, kafin ya miƙe zuwa Kaduna da Zariya.